Dogon Hutu Ba Zango Na Huɗu Ba Ne

Wata Juma'a da yamma, ba a daɗe da komawa makaranta ba, muna zaune a tsakar gidan mahaifiyarmu ana hira, sai babban wanmu ya kira 'yar ƙanwarmu, yarinya 'yar aji biyu a ƙaramar sakandare. Bayan ta durƙusa ta gaishe shi, ya ce, "To 'yata, me aka yi da dogon hutun nan?"

Cikin fara'a ta ce, "Kawu, na huta sosai. Na karanta littattafai, da daddare kuma in an kawo wuta muna kallo da su Umma."

Bai ce mata komai ba. Ya juya wajen uwarta ya ce, "Wato mako shida ke nan a banza. Ko lesin ba ku sa ta ba?" Nan take fara'ar yarinyar ta ɗauke, ta sulale ta shige ɗaki. Uwar kuma ta shiga kame-kame: "Yaya, ka san halin da ake ciki, ga kuɗin makaranta na tafe."

Abin ya tsaya mini a rai. Yarinya ta lissafa abu uku, babu abin kunya ko ɗaya a cikinsu, amma ita da uwarta suka koma masu ba da haƙuri. Kuma na san ba wanmu kaɗai ke da wannan tunani ba. A makarantu da yawa, ranar da ake ba da hutun ƙarshen shekara, kafin yara su gama karɓar sakamakon jarrabawa an riga an rataya ƙyalle a bakin ƙofa, cewa lesin hutu zai fara ran Litinin.

Ni dai ra'ayina shi ne, yaron da ya yi hutunsa yana samun isasshen barci, yana karanta littafin da ya zaɓa da kansa, yana kallon talabijin daidai gwargwado a gaban iyayensa, bai yi asarar komai ba. Ya yi abin da aka ba da hutun dominsa. Mu manya ne muka rikita lissafin, muka mai da hutu zango na huɗu, sannan muke mamakin yadda yara ke komawa aji a gajiye.

Yaushe yaron nan yake hutawa?

Mu ɗauki yaro ɗan shekara goma a Kano ko Zariya ko Katsina, wanda iyayensa suka tsaya masa a kan boko da Arabiyya, kamar yadda ya kamata. A tashe shi da asuba ya yi salla. A wasu gidajen akwai tilawar hadda kafin gari ya waye. Ƙarfe bakwai yana cikin A Daidaita Sahu, an cusa su shida ko bakwai, kowa da ƙatuwar jaka a cinya. Ana tashi wajen ƙarfe biyu, in kuwa makarantar kuɗi ce mai lesin dole, sai uku ko huɗu. Ya dawo ya watsa ruwa, ya ci abinci a gurguje, ya sa kayan Islamiyya. Ba za a sake ganinsa ba sai dab da magariba. Bayan isha'i ga jingar lissafi da ta Turanci, ga haddar da malam zai karɓa gobe.

Sannan a dubi kwanakin mako. Boko Litinin zuwa Juma'a. Islamiyya Asabar zuwa Laraba. Ranar da boko ta sake shi Islamiyya na jiransa, ranar da Islamiyya ta ba da hutu boko na riƙe da shi. Wato a duk mako yaron nan ba shi da yini guda cikakke da zai farka ya san yau ba inda za shi. Ma'aikacin gwamnati yana da Asabar da Lahadi. Ɗansa ɗan firamare ba shi da ko ɗaya.

Kada a fahimce ni a karkace, ban ce a rage Islamiyya ba. Abin da nake nunawa shi ne nauyin da muka ɗora wa ƙananan yara wata tara a shekara, zango uku, kowanne kusan mako goma sha uku.

Likitocin da suka ƙware a kan barci a Amurka sun ba da shawarar cewa yaro mai shekara 6 zuwa 12 yana buƙatar barcin awa 9 zuwa 12 a kowace rana, matashi mai shekara 13 zuwa 18 kuma awa 8 zuwa 10. Wanda ya kwanta goma na dare aka tashe shi biyar da rabi na asuba, awa bakwai da rabi ya samu. Kowa ya taɓa shiga aji bayan tara ya ga sakamakon: kawuna a kan benci, ido ja, malami na ta faɗa.

Saboda haka in ka ga yaro a makon farko na hutu ya koma barci bayan sallar asuba har hantsi, kada ka yi saurin kiransa malalaci. Bashi ne jikinsa ke karɓa. Ga shi hutun ya faɗo a tsakiyar damina, watan Agusta, gari a lumshe, ruwa na dukan kwano. Ka bar shi. Nan da 'yan kwanaki da kansa zai riƙa tashi da wuri yana neman abin yi.

Ba Turawa suka kawo mana hutu ba

Akwai masu ganin hutun yaro wata sangarta ce ta zamani. Su tuna makarantar allo, wadda ba a taɓa zarginta da sangarta ba. Alhamis da Juma'a ba a karatu, ga hutun ƙaramar Salla da babba. Malamanmu suna danganta wannan al'ada ta Alhamis da Juma'a ga Sayyidina Umar, Allah ya ƙara masa yarda. Da wannan tsari aka fitar da gardawa da alarammomi masu rubuta Alƙur'ani da ka.

Imamu Gazali, wanda ya rasu a 1111 Miladiyya, ya yi magana a kan wannan a cikin Ihya'u Ulumiddin, wajen da yake bayanin tarbiyyar yara. Ma'anar abin da ya ce ita ce, in yaro ya taso daga makaranta a bar shi ya yi wasa mai kyau ya huce gajiya, domin hana shi wasa da matsa masa a kan karatu kullum yana kashe masa zuciya, ya dusashe masa basira, ya sa rayuwa ta yi masa ɗaci, har ya shiga neman dabarar da zai kuɓuta daga karatun gaba ɗaya. Sama da shekara 900 ke nan da wannan magana, amma kowane malamin firamare zai iya nuna maka irin yaron da Gazali ke nufi: mai ciwon ciki kowace safiyar Litinin, mai ɓoye littafin jinga, wanda da jin an ce "ɗauko littafinka" sai fuskarsa ta canza.

Ga kuma hadisin Salmanul Farisi da Abud Darda'i a cikin Buhari, inda Salmanu ya gaya wa ɗan'uwansa cewa Ubangijinka yana da haƙƙi a kanka, kanka yana da haƙƙi a kanka, iyalinka suna da haƙƙi a kanka, ka ba kowane mai haƙƙi haƙƙinsa, Annabi (SAW) kuma ya ce Salmanu ya yi gaskiya. In babban sahabi aka hana shi takura wa kansa a kan nafila, ina ga ɗan yaro a kan lissafin aji huɗu? Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1989 kan haƙƙin yara, sashe na 31, ta ambaci haƙƙin hutu da wasa, amma mu mun riga mun san da shi tun kafin a rubuta ta.

"Zai manta abin da aka koya masa"

Wannan ita ce hujja mafi ƙarfi, kuma ba zan yi mata riƙon wasa ba. Gaskiya ne yaro yana mantuwa a dogon hutu. A 1996 wani masani a Amurka, Harris Cooper, da abokan aikinsa sun tattara bincike da dama a kan wannan batu, suka gano cewa a matsakaici yara kan koma baya da kusan karatun wata guda bayan hutun bazararsu, kuma lissafi ne ya fi shan kashi.

To amma a lura da abu biyu. Na farko, hutun can yakan kai mako goma ko fiye, namu a Nijeriya shida ne zuwa bakwai. Na biyu, kuma shi ya fi mini muhimmanci, a fannin iya karatu 'ya'yan masu hali ba su koma baya ba, wasu ma gaba suka yi, 'ya'yan talakawa ne suka ja baya. Ni a ganina bambancin ba ya rasa nasaba da abin da yaro ke tararwa a gida: wani akwai littafi a ɗakinsu, wani babu. Ke nan abin da yarinyar nan ta ce ta yi, karanta littattafai, shi ne ainihin maganin mantuwar da kawunta ke tsoro.

Lissafi kuwa, rabin awa da safe ya isa a riƙe shi. A ba yaro tambaya biyar daga littafinsa na bara. A aike shi kanti da dubu biyu, ya faɗi canjin kafin ya fita. A sa yarinya ta lissafa mudu nawa na shinkafa gidan ke ci a wata, da kuɗinsa. Wannan ba ya buƙatar yunifom da kuɗin mota.

Yanzu mu leƙa cikin lesin hutun kansa. Aji ɗaya ne da na jiya, allo ɗaya, malami ɗaya, shi ma a gajiye. Yara rabin aji, an haɗa 'yan aji uku da 'yan aji huɗu don a cike benci. Ana rubuta darasin zango mai zuwa a allo suna kwafa. In an dawo makaranta kuma dole a maimaita shi daga farko saboda waɗanda ba su zo ba, sai wanda ya yi lesin ya zauna yana hamma. Tulun da ya cika, duk ruwan da ka ƙara masa ƙasa zai sha.

Na san dalilin da ya sa lesin ba zai mutu da sauƙi ba, kuma dalilin abin tausayi ne. Akwai makarantun kuɗi da ba sa biyan malamai albashin watan hutu. Ɗan abin da aka tara na lesin shi ne cefanen malami a watan Agusta. Ba na ganin laifin malamin da ke neman halalinsa. Amma matsalar albashi ce wannan, tsakanin mai makaranta da ma'aikacinsa, bai kamata a warware ta a kan barcin ɗan shekara takwas ba.

Akwai waɗanda lesin ya dace da su. Wanda zai rubuta WAEC ko NECO ko JAMB a shekara mai zuwa, ba a fafe gora ranar tafiya, ya fara shiri tun yanzu. Yaron da aka gano yana aji huɗu bai iya haɗa baƙi ba, a nema masa wanda zai zauna da shi shi kaɗai awa guda a rana. Wannan magani ne ga mai ciwo. Abin da nake ƙi shi ne a ɗura wa kowa, har 'yan nazare da ko riƙe fensir ba su gama iyawa ba.

Littafin da ba za a yi jarrabawa a kansa ba

A nan ne zuciyata ta fi karkata. Rahoton da Bankin Duniya da wasu hukumomi suka fitar a 2022 ya ƙiyasta cewa a ƙasashen Afirka kudu da Sahara, yara 89 cikin 100 masu shekara goma ba sa iya karanta ɗan gajeren rubutu mai sauƙi su fahimce shi. Da yawansu kuwa suna zuwa makaranta kullum. Ba ƙarancin zama a aji ne kaɗai ke damunmu ba. Yaranmu suna kwafa, suna haddacewa, suna juyewa a takardar jarrabawa, amma da wuya ka ga wanda ya ɗauki littafi don daɗinsa ya karanta daga bango zuwa bango.

A lokacin makaranta babu sararin yin haka, na nuna yadda ranar take. Hutu ne kaɗai damar.

Ka taɓa lura da yaron da labari ya kama? Yana kwance rub da ciki a kan tabarma a baranda, ƙafafu a sama, haɓa a tafin hannu. Ruwa na zuba daga indararo bai sani ba. A kira shi cin abinci sau biyu, ya ce "Umma, bari in kai ƙarshen shafin nan." Leɓensa na motsi a kan kalma mai wuya, ya koma baya ya sake karanta layin, ya gane, ya yi murmushi shi kaɗai. Da yamma ya tara ƙannensa yana ba su labarin, yana ƙara nasa gishirin. Yaron nan a wannan yinin ya ci karo da sababbin kalmomi, ya koyi riƙe zaren magana mai tsawo, ya koyi haƙurin zama wuri ɗaya. Ba wanda ya tsaya a kansa da bulala. Wace makaranta ce za ta ba shi wannan a lesin awa uku?

Kuma a fara masa da harshensa. Iyaye da yawa suna ganin in ba littafin Turanci ba ne to ɓata lokaci ne. Wanda ya iya karanta Hausa da gudu, ya saba da cewa rubutu magana ce mai ma'ana, Turanci ba ya yi masa wuya kamar wanda bai taɓa jin daɗin karatu da kowane harshe ba. Tun gasar rubutun da aka shirya a Zariya a 1933, wadda ta fito da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, muke da littattafan da aka rubuta don yaran ƙasar nan su karanta. Magana Jari Ce, mai juzu'i uku, ta raini iyayenmu ta raine mu. Har yau ana samun su wajen masu sayar da littattafai a Sabon Gari da Kurmi.

Za a ce ai in aka sake wa yaro, musamman 'ya mace, littattafan soyayya za ta ɗauka. Tsoron yana da tushe, musamman yanzu da ake yaɗa labarai marasa kan gado ta WhatsApp, wasu cike da batsa, ba wanda ya tace su. Amma maganin ba hana karatu ba ne. Uwa ko uba ya riga yaron buɗe littafin, ya karanta ko da babi biyu ne. A ajiye biyar ko shida da aka yarda da su: tatsuniyoyi, ƙissoshin Annabawa, tarihin sahabbai, tarihin Shehu Ɗanfodiyo da Nana Asma'u, labarin yaƙi da jarumta, ko da tsohuwar jarida ce. Sai a bar shi ya zaɓa. Zaɓin nan yana da muhimmanci. Da zarar ka ce "karanta wannan, zan tambaye ka da daddare," ka mai da shi jinga, daɗin ya tafi.

Sannan yaro ba ya ɗaukar abin da bai gani ana yi ba. Gidan da uba ke kan waya tun daga magariba har barci, ba shi da bakin cewa yara ba sa son karatu.

Talabijin fa?

Na san a nan ne wasu za su rabu da ni. Za a ce talabijin ke ɓata tarbiyya, ita ke kawo shigar banza da rawar banza cikin gida, ita ke sa yaro ya bar salla ta wuce. Duk ana samun haka. A da abin da sauƙi. Gidan talabijin na Kaduna ya fara aiki a 1962, kuma har zamanin da muka tashi, NTA sai da yamma ake buɗewa, a rufe da dare. Tashar da kanta take sa maka iyaka. Yanzu tauraron ɗan'adam ya kawo tashoshi barkatai, ba dare ba rana, ga fina-finan Indiya da ake fassarawa, masu dogon zango da ba sa ƙarewa.

Duk da haka ina kare talabijin, saboda na san abin da ke maye gurbinta in an kashe ta. Ba littafi ba ne kullum. Waya ce.

Talabijin tana falo. Allonta babba ne, sautinta kowa na ji. Uwa tana tsince shinkafa tana ganin abin da ake kallo. In wani abu ya gifta wanda bai dace ba, rimot na hannun babba, a canza tasha, a kuma faɗi dalili. Kaka ta tsoma baki, "Kai, wannan yaro ba shi da kunya, haka ake yi wa uba magana?" Yara su yi dariya, amma sun ji. Ana labarai yaro ya tambaya, "Baba, ina ne Sudan?" a ba shi amsa. Ana nuna namun daji ya ga yadda zaki ke farauta, abin da littafin kimiyyarsa ya yi masa zane ɗaya a kai. Tun da Arewa24 ta fara a 2014, ga tashoshin jihohi da sauran masu zaman kansu, akwai shirye-shirye da Hausa na girki da tarihi da wasan kwaikwayo da gida guda za su iya zama su kalla tare. A watan Agusta ake buɗe gasar ƙwallon Ingila. Yaron da ya kalli wasa a gida kusa da ubansa, ya fi mini wanda ya sulale gidan kallo ya dawo sha ɗayan dare.

Waya kuwa a ƙarƙashin bargo take, da abin ji a kunne. TikTok ba ya ƙarewa. Na ga gidajen da aka yi alfahari an cire talabijin don tarbiyya, alhali kowane yaro yana da hanyar ɗaukar wayar uwarsa ya shige ɗaki. An rufe ƙofar da ake gani, an bar wadda ba a gani.

Iyaka dai dole ce. Hukumar Lafiya ta Duniya a 2019 ta ba da shawarar kada a zaunar da jarirai da 'yan shekara ɗaya gaban allo sam, 'yan shekara 2 zuwa 4 kuma kada su wuce awa guda a rana. Ta kuma ce yara masu shekara 5 zuwa 17 suna buƙatar motsa jiki na aƙalla minti 60 kullum. Ga manyan yara, ma'aunina mai sauƙi ne: ba kallo da safe, ba kallo in an kira salla, ba kallo a ɗakin kwana, kuma shiri ake kunnawa a kalla, in ya ƙare a kashe. Da la'asar a fita, a buga ƙwallo, a yi langa, 'yan mata su yi carafke da 'yar gala-gala. A yawancin unguwanninmu ma rashin wuta ya riga ya yi rabin aikin, ga tsadar mai tun 2023 ta sa ba kowa ke tada janareta don katun ba. Ihun "An kawo wuta!" da yara ke yi su ruga falo, awa ɗaya ko biyu ne a rana, wani lokacin ma babu.

Zaman banza da koyon sana'a

Wasu kuma tsoronsu titi ne: shaye-shaye, daba, ƙwacen waya. Sun fi so yaro ya kasance a wani wuri da aka san yana can. Na fahimta. Amma yaron da ke kwance a baranda da littafi, ko yake falo da ƙannensa, ai yana gida. Wanda za a ji wa tsoro shi ne wanda gida ya zame masa wurin faɗa da tsawa, har ya fi son waje.

Koyon sana'a kuwa ina goyon bayansa ɗari bisa ɗari ga wanda ya tasa. Ɗan sakandare ya bi kawunsa Kantin Kwari, ko ya zauna wajen mai gyaran waya a Farm Centre, ko yarinya ta koyi ɗinki wajen goggonta, duk alheri ne, kuma canjin aiki shi ma wani hutu ne ga ƙwaƙwalwa. A dai bar masa rabin yini. Haka wanda aka kai ƙauye wajen kakanni, ya taya maimai, ya ci tumu da gasasshiyar masara, ya ji tatsuniya da daddare, wannan ya yi hutu mai albarka, ko da bai ga talabijin ba.

Abin da ba na so a manta shi ne waɗanda ba su da hutun ma sam. Yaran da hutu a wurinsu yana nufin tiren talla daga safe har dare. Da kuma 'ya'ya mata, har a gidajen masu hali. Da an ba da hutu sai a sallami 'yar aiki ko uwa ta ce ta samu mataimakiya: shara, wanke-wanke, wanki, raino, girkin rana da na dare, duk a kan yarinya 'yar shekara sha uku, yayyenta maza suna kwance da rimot. In ta ɗauki littafi a ce ta cika son jiki. Koyon aikin gida wajibi ne, amma ga mace da namiji duka. A raba aikin, namiji ya share tsakar gida ya wanke kayansa ya ɗebo ruwa, ita ma ta samu awa biyu da ba wanda zai ƙwala mata kira.

Ga masu makarantu da ma'aikatun ilimi na jihohi, ina da roƙo ɗaya. Makarantu da yawa suna da ɗan ɗakin karatu ko kabad ɗin littattafai da ake garƙamewa ranar da aka ba da hutu, ƙura na ci har Satumba. A Kano akwai ɗakin karatu na Murtala Muhammad, amma yaron Rijiyar Lemo ko Hotoro ba zai iya zuwa can shi kaɗai ba, makarantar unguwarsu kuwa da ƙafa yake zuwa. A maimakon lesin, a buɗe wannan ɗaki kwana biyu a mako, yaro ya zo ya ari littafi ya tafi da shi gida, ya dawo da shi ya ɗauki wani. Malami ɗaya da makulli da littafin rajista sun isa, kuma iyaye za su iya haɗa wa malamin abin da zai kai shi ƙarshen wata da ƙasa da abin da suke biya yanzu.